Saye ko haɗawa da hannu: kayan tuƙin jirgin sama na kwamfuta ga mazaunin Jos

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sauke jirgi a Microsoft Flight Simulator ko X-Plane, manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin sama, da madannan kwamfuta ya san abin ba ya tafiya yadda ya kamata. Madanni abu biyu kawai ya sani, a danna ko a saki, shi kuwa jirgin sama lallaɓa shi ake yi kaɗan-kaɗan, musamman a daƙiƙun ƙarshe kafin taya ta taɓa kwalta. Daga nan ne mutum yake shiga neman kayan tuƙi, sai ya tarar da hanya biyu a gabansa: ko ya sayi na kamfani da dala, ko ya zauna da dalma da waya da katako ya haɗa nasa. Ni a ganina ba a ɗaukar hanya ɗaya a bi ta har ƙarshe. Abin da hannunka zai riƙe ya karkata jirgi da shi, saya. Abin da ake turawa, a murɗa, a kunna, a kashe, haɗa shi da kanka.

Kafin a zo maganar kuɗi, wane jirgi kake tuƙawa? Cessna 172 da Boeing 737 sitiyari gare su, irin wanda ake murɗawa hagu da dama, a kuma ja shi ko a tura shi. Airbus A320 sanda ce da shi a gefen matuƙi. Diamond DA40 sandarsa tsakanin ƙafafu take, haka yawancin jiragen yaƙin da ke cikin manhajar DCS World. Yaron da ke da burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya sani cewa akwai DA40 da DA42 cikin jiragen da take koyarwa da su, duka biyun kuwa sanda gare su, kuma DA40 yana cikin jiragen da suka zo da Flight Simulator na 2020. Saboda haka mai sanda bai yi asarar komai ba. Sanda tana tuƙa Cessna lafiya lau, tana tuƙa Boeing, tana tuƙa jirgi mai saukar ungulu. Sitiyari kuwa in ka ɗora shi a kan jirgin yaƙi ko mai saukar ungulu, wahala kawai za ka sha. Wanda ya fara da sayen sitiyari mai tsada tun bai san jirgin da zuciyarsa za ta kwanta da shi ba, ya sayi sirdi ne kafin doki.

A cikin sandunan da mai matsakaicin ƙarfi zai iya saye, biyu ne suka fi yawo. Logitech Extreme 3D Pro ta daɗe a kasuwa, tana da maɓallai 12, ana murɗa ta don juya jelar jirgi, akwai kuma ɗan totur a gindinta, kuɗinta a ƙasashen waje bai kai dala 50 ba. Thrustmaster T.16000M ta ɗara ta tsada amma tana ƙasa da dala 100, maɓallanta 16, kuma ana iya juya mariƙinta don bahago. Idan ka riƙe su a shago ba za ka ga wani babban bambanci ba, duk roba ce. Bambancin yana ciki, a abin da ke auna motsin hannunka, kuma a garin nan wannan shi ne kan magana.

Logitech ɗin tana auna motsi ne da abin da masu gyaran rediyo suke kira bolum. Wani ɗan harshen ƙarfe ne yake goga a kan zoben gawayi, inda ya tsaya shi ne yawan wutar da za ta wuce. Guga kuwa tana cinye abu, ƙura kuma tana shiga tsakani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu yake lulluɓe Jos, ko ka rufe taga da labule sai ka shafo ƙura a kan tebur da safe. Hanyar gane bolum ya fara gajiya mai sauƙi ce: a Windows ka danna maɓallin tambarin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka buɗe sandarka. Za ka ga ɗan gicciye a tsakiyar akwati. Ka ɗauke hannunka gaba ɗaya. In bolum lafiyayye ne gicciyen zai tsaya cik. In ya ci ƙura za ka gan shi yana rawar ɗari, yana tsalle hagu ya dawo ba wanda ya taɓa shi, kuma wannan rawar ita ce jirginka zai riƙa yi a sama. Mutane sukan rufe matsalar da faɗaɗa wurin da manhaja ba ta jin motsi a tsakiyar sanda, to amma a tsakiyar nan ne ake yin duk aikin sauka.

T.16000M ba ta da wannan gugar a motsin gaba da baya da na hagu da dama. Maganaɗisu ne yake motsi kusa da wani ɗan sensa da ake kira Hall, ba abin da ke taɓa wani, don haka ƙura ba ta da abin da za ta ɓata. Sai dai wurin murɗa ta don juya jela har yanzu bolum ne, kuma masu amfani da ita sun daɗe suna kuka da cewa nan ne yake fara lalacewa. Wanda ke da niyyar yin feda, wato matakan juya jela da ƙafa, daga baya ba ruwansa da wannan, don zai daina murɗawar gaba ɗaya. Mai ƙarin kuɗi kuma ya duba VKB Gladiator, ita ma da maganaɗisu take aiki kuma cikinta ya fi ƙwari nesa ba kusa ba. Mai son Airbus akwai TCA Sidestick ta Thrustmaster, wadda kusan T.16000M ce aka sauya wa riga.

Idan kuwa sitiyarin ka nace, zaɓin da aka fi sani shi ne tsakanin na Logitech, wanda asalinsa na Saitek ne kafin Logitech ta sayi kamfanin a 2016, da kuma Honeycomb Alpha. Na Logitech yana zuwa da totur mai hannu uku, abin da ya sa kuɗinsa yake da daɗin ji, amma kusan digiri 45 kawai yake juyawa kowane ɓangare. Alpha yana juya digiri 90 kowane ɓangare, yana da makunnan batir da fitilu da makullin tayar da inji a jikinsa, kuɗinsa kuma ya haura dala 200 tun kafin a sa kuɗin dako. Yawan juyawar ba ado ba ne: gwargwadon nisan tafiyar hannu, gwargwadon yadda za ka iya gyara kuskure ɗan ƙanƙani ba tare da ka wuce gona da iri ba.

To me ya hana a haɗa sandar ko sitiyarin a gida? Ba wutar ce matsalar ba, ƙarfen ne. Sanda tana motsi ta fuska biyu lokaci guda, kuma dole ta dawo tsakiya daidai kowane lokaci ba tare da kwance-kwance ba. Rabin milimita na lilo a gindi yakan zama abin da hannu zai ji sosai a can saman sanda. Mai walda da ya ƙware a ƙofa da taga ba da irin wannan awon yake aiki ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ana iya yi, mutane sun yi da boris da faranti na alminiyam ko da injin da ke buga kaya da roba, amma in ka lissafa kayan da za ka ɓata kafin ka dace, da ka sayi T.16000M ka huta.

Totur kuwa labarinsa daban. Hannu ne guda da ke tafiya gaba da baya a kan ƙusa ɗaya, ba ya buƙatar dawowa tsakiya, abin da ake so kawai ya tsaya inda aka bar shi. Na kamfani da kowa ke sha'awa shi ne Honeycomb Bravo: gurbin hannu shida da ake sauya musu kai su zama na ƙaramin jirgi ko na mai inji huɗu, da faifan daidaita hancin jirgi, da hannun sauke taya, da maɓallan matuƙi mai sarrafa kansa. Kaya ne mai kyau, ba na musu. Amma shi ma ya haura dala 200, ga nauyi, ga girman kwali, kuma kusan duk abin da yake yi akwatin filawud da Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake ɗora wa manhaja, za su yi.

Akwai ma dalilin da ya sa mai tashi daga filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang yake buƙatar hannu fiye da ɗaya. Filin yana sama da ƙafa 4,200 daga doron teku, alhali na Nnamdi Azikiwe a Abuja bai wuce ƙafa 1,100 da 'yan kai ba. Iskar tudu ba ta da kauri, injin fistan kuma in aka ba shi mai da yawa a siririyar iska sai ya rasa ƙarfi. Littafin Cessna 172 da kansa ya ce a filin da ya haura ƙafa 3,000 a rage haɗin mai kafin tashi har inji ya ba da iyakar ƙarfinsa. Wannan jan hannun na haɗin mai da iska ja ake yi sannu a hankali ana kallon allura ana sauraren inji, ba aikin madanni ba ne. Sandar da ke da ɗan totur guda a gindi ba za ta ba ka wannan ba. Bolum uku, na totur da na farfela da na haɗin mai, sun gama maka magana.

Yanzu allon da zai haɗa su da kwamfuta, nan ne mutane suka fi yin ɓatan kai. Arduino Uno shi ne ya fi yawa a hannun ɗalibai da masu sayar da kayan lantarki, amma kwamfuta ba ta ganinsa a matsayin sandar tuƙi sai an yi dabaru masu ɗaure kai. Wanda ake so shi ne Leonardo ko Pro Micro, masu ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega32U4, don su da kansu suke magana da USB. Ka sa musu Joystick, wani ƙunshin umarnin manhaja da aka riga aka rubuta kuma ake samu kyauta, ka rubuta layuka kaɗan, Windows za ta karɓe su kamar kayan kamfani. In za ka sayi Pro Micro ka nemi mai bakin USB-C, don ƙaramin bakin na da yakan ɓalle daga allon in waya ta fizge shi.

Waɗannan allunan suna raba tafiyar bolum gida 1,024. Adadin kamar ya isa, amma ka duba: bolum yana juya kusan digiri 270, hannun totur kuwa da wuya ya wuce digiri 90. Ke nan kashi ɗaya cikin uku kawai kake amfani da shi, gida 340 ko kusa da haka. Ga totur wannan ya wadatar. Ga feda ko faifan hanci za ka so fiye da haka, kuma mafita uku ce: ka sa giya biyu ta yadda ƙaramin motsi zai juya bolum da yawa, ko ka sayi bolum mai zamewa a miƙe irin na injin haɗa sauti, ko ka koma allon da ke raba tafiyar gida 4,096. A nan akwai ɗan shuɗin allon STM32F103 da ake ɗora wa manhajar FreeJoy ta kyauta, wadda ba ta buƙatar ka rubuta ko layi ɗaya, komai da linzami ake saitawa. Matsalarsa jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma sai da wata 'yar na'urar ɗora manhaja ake fara shi. Wanda ba ya son ko ɗaya daga wannan ciwon kai akwai BU0836A na Leo Bodnar daga Ingila, mai karɓar bolum 8 da maɓallai 32, ka haɗa waya kawai ka soka. Ya fi tsada, ga kuma jiran ya iso.

Wurin sayen bolum ka buɗe ido. Na tsaya gaban wani mai gyaran amfilifaya a wajen Taminus, ya zazzage gwangwanin madara cike da su a kan benci, yana juya kowanne yana duba bayansa. "Yallaɓai, na A kake so ko na B?" Da na ce B10K, sai ya ɗago kai ya ce, "To ba na sauti ba ne ke nan. Na A shi ne na murya, yana tafiya a hankali sai can ƙarshe ya zabura." Gaskiyarsa kuwa. In ka sa na A a totur, rabin tafiyar hannunka inji ba zai ce komai ba, sai a ɗan ƙarshen ya ɗauka gaba ɗaya. Na B shi ne mai tafiya daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe.

Tun da kai ne mai haɗawa, ba dole ba ne ma ka zauna da bolum. Ɗan sensa SS49E, irin na Hall ɗin nan, ƙafa uku gare shi kamar bolum, wuta da ƙasa da sigina, ka kafa shi tsakanin ƙananan maganaɗisu biyu da ke juyawa da hannun totur, ka rabu da ƙura. AS5600 ya fi shi daidaito, yana raba zagaye guda gida 4,096, sai dai yana son maganaɗisunsa na musamman, zagayayye wanda aka raba ƙarfinsa gefe da gefe, a zaunar da shi daidai saman sensan da ɗan tazara. Galibi tare ake sayar da su. Na kamfani mai irin wannan sensan a totur sai ka biya da dala, kai kuwa kuɗin katin waya ne zai ba ka shi.

Akwatin kansa aikin yini guda ne ga kafinta. Guntayen filawud da suka rage a kasuwar Katako sun isa, hannayen kuma a yanko su daga farantin alminiyam, a zura su a dogon noti guda, a sa wosha na roba tsakaninsu. Ɗaure notin shi ne yake ba da taurin da kake so. Ka dai kai wa kafintan zane mai awo, don in ka tsaya kwatanta masa da baki cewa totur ɗin jirgin sama ne, hira za ta ci rabin yinin.

Feda ita ce abin da na fi yin jinkirin yanke hukunci a kai. Buƙatarta a fili take. Ƙaramin jirgi mai farfela guda yana jan hagu lokacin tashi, sai an taka dama. Titin Heipang kuma 10 da 28 ne, wato kusan gabas da yamma yake kallo, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, don haka mai sauka a titi na 10, wanda ke fuskantar gabas, daga hagu za ta riƙa bugunsa. A Abuja titin 04 ne da 22, iskar kusan gaba da gaba take zuwa wa mai sauka a 04, wanda ke fuskantar arewa maso gabas. Murɗa sanda da hannun da ke ƙoƙarin ɗaga hanci da kwantar da fiffike lokaci guda yana sa ɗaya ya ɓata ɗaya. Na kamfani masu sauƙin kuɗi, irin TFRP ta Thrustmaster, roba ce mara nauyi, ƙafafun sun matsu da juna, kuma tana zamewa a kan tayil sai an tokare ta da bango. Ta gida kuwa a nan mai walda yake da rana: sandar ƙarfe guda a kan boris ɗin fankar silin, matakai biyu, sifirin biyu irin na ƙafar jingine babur, da sensa guda a kan ƙusar tsakiya. Nauyinta ma alheri ne. Abin da ke da wuya shi ne birki, don a jirgi kowace ƙafa da birkinta a saman feda, wato ƙarin sensa biyu da ƙarin maɗaurai. Shawarata ka yi fedar ba birki, ka bar birkin a maɓallin sanda. Wanda ba shi da mai waldan da zai saurare shi, ya sayi ta kamfani ya ɗaure ta a kan katako.

Allon makunnai da rediyo kuwa babu ma gardama, haɗawa ta fi. Ga maɓallan da kwamfuta za ta ji kawai, Pro Micro ya isa: ka jera su layi shida da shida, ƙafa 12 za ta ba ka maɓallai 36, kowanne da diyod 1N4148 don kada danna uku ya haifar da na huɗu na ƙarya. Idan kuma kana son jirgin ya mayar maka da magana, fitilar taya ta kama in taya ta sauka, lambobin rediyo su fito a ɗan gilashi, to manhajar MobiFlight ce hanya. Kyauta ce, tana aiki da Flight Simulator da X-Plane a Windows, kuma ta fi jin daɗin Arduino Mega 2560 mai ƙafafu 54. Maɓallin murɗawa EC11 don sauya tsawo da alkibla, gilashin lambobi mai MAX7219, shi ke nan. Tafiya daga Jos zuwa Abuja a Cessna kusan awa ɗaya ce, kuma mafi yawanta murɗa waɗannan ake yi, ba riƙon sanda ba.

Abu biyu na yanayinmu. Lokacin sanyi iska takan bushe har mutum ya taɓa ƙofa ya ji tartsatsi, kuma wannan tartsatsin yana iya kashe allo nan take, don haka ka taɓa ƙarfen taga kafin ka ɗauki Arduino. Sannan cajar laftof da ba ta da wayar ƙasa, ko wutar janareta, tana sa gicciyen nan rawa ko da sensanka sabo ne. Ka gwada cire cajar. In rawar ta tsaya, ka san daga inda take. Gajeriyar waya, ko mai rigar ƙarfe irin ta makirfo, da ɗan kafasita 100nF tsakanin sigina da ƙasa suna rage ta sosai.

Wajen samo kaya ma lissafin ya karkata ga haɗawa. Sensa da allo da maɓallai a ambulan guda suke zuwa daga AliExpress, wasu ma ana samunsu a Banex da ke Wuse 2 in hanya ta bi da kai Abuja. Sitiyari ko Bravo kuwa kuɗin dako da na kwastan kan ƙara wa farashin nauyi sosai, in kuma ya lalace babu inda za ka mayar da shi. Sanda ita ce ƙaramar da ɗan'uwa mai dawowa daga waje zai iya cusawa a jaka ba tare da ya ɓata rai ba. In ta hannu ce za ka saya, ka je da laftof ka buɗe joy.cpl a gaban mai ita kafin ka ƙirga kuɗi.

Duk wannan magana ta mai kwamfuta ce. Xbox, akwatin wasan da ake jonawa da talabijin, ba ya karɓar kayan haɗin gida, sai waɗanda aka yi masa da izini, irin T.Flight Hotas One ko VelocityOne na Turtle Beach, don haka mai Xbox saye ne kawai a gabansa. Mai kwamfuta kuma da ya kai ga haɗa akwati na biyu, ya lura cewa Pro Micro biyu suna ɗaya da lamba ɗaya suke nuna wa Windows, sai manhaja ta ɗauki saitin totur ta ɗora wa feda. A FreeJoy akwai gurbin da ake sauya wa kowane allo suna da lamba. A Arduino sai an gyara fayil ɗin boards.txt kafin a ɗora manhajar, ko kuma tun farko a tara totur da feda da maɓallai duka a kan allo guda.